Zare: wai tsawon waya na canza sautin sipika? Mu tambayi Kano ta 1944

1/ Akwai musun da nake ji wajen samari masu haɗa sauti a Ƙafin Maiyaki: wai in wayar sipikar dama ta fi ta hagu tsawo, sautin wancan ɓangaren zai makara. Har wani ya naɗe mita 4 na waya bayan kujera don su zo daidai. To ku biyo ni, tarihi na da ta cewa.

2/ Rediyon da Kanawa suka fara sani ba ta iska yake isowa gida ba. A 1944 Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar rarraba shirye-shirye a Kano, bayan ta Legas da ta Ibadan. Tashar ce ke kamo BBC, sai ta turo sautin ta waya, bisa turaku, zuwa akwatin lasifika a gidan wanda ya biya. Ba zaɓen tasha, abin da aka turo shi za ka ji. An kuma kafa lasifikoki a wuraren taruwa.

3/ Ka duba fa. Wani gidan na maƙwabtaka da tashar, wani sai waya ta ratsa unguwanni. Amma a kunne lokaci guda labarai ke iso musu.

4/ Dalili: saƙon lantarki a waya na gudun kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Sauti a iska kuwa mita 343 kacal. Bambancin mita 5 na waya jinkirinsa kashi 25 ne cikin biliyan na sakan. A wannan lokacin tafiyar da sauti zai yi a iska ba ta kai kaurin gashi ɗaya ba. Wato gyara zamanka kan tabarma ya fi wannan tasiri nesa ba kusa ba. Kafin kunne ya fara kama jinkirin, sai bambancin ya kai wajen kilomita 2. Ɗakinka mita nawa ne? 😅

5/ Matsalar doguwar waya ta gaskiya ita ce cin ƙarfi. Waya in ta yi tsawo kuma siririya ce, wani ƙarfin a hanya yake ƙarewa. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne a ɗaga ƙarfin layin, a sa ƙaramar taransifoma jikin kowace lasifika. Shi ne layin bolt 100 da ke bayan amfilifayar Ahuja da TOA na masallatanmu.

6/ Zancen waya mai tsada kuwa daga baya ya zo. A 1979 Noel Lee ya kafa Monster Cable a Amurka, sayar da waya ya zama babbar sana'a. Ni dai a ganina rabin abin talla ne.

7/ Rabin da ke gaskiya shi ne kauri. Sipikar gida om 4 ce ko 8, siririyar waya mai tsawo na iya rage mata murya. Ga kuma wadda aka shafa wa jan ƙarfe a sama, cikinta alminiyom. Kankare bakinta da reza, in ka ga fari ka gane.

8/ In kuma bes ɗinka ya ɓace, duba ja da baƙi. Ka juya su a sipika ɗaya, wannan na turawa wancan na ja, sai su cinye juna. Mayar da ja kan ja, ka warware naɗin nan na bayan kujera.