Kufan Anuradhapura da Kabarin Sarki Elara

Kimanin kilomita 200 arewa da Kolombo, babban birnin kasuwancin ƙasar Siri Lanka, akwai wani tsohon gari mai suna Anuradhapura. Nan ne mazaunin sarakunan tsibirin tun daga wajejen ƙarni na huɗu kafin miladiyya har zuwa shekarar 993 miladiyya, lokacin da rundunar Sarki Rajaraja na daular Chola ta ƙetaro daga kudancin Indiya ta ci garin. Wato dai ya riƙe sarauta sama da shekara 1,300. Bayan da gadon mulki ya koma Polonnaruwa, sannu a hankali daji ya rufe yawancin gine-ginensa, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka shiga sassabe da tono. A 1982 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya ja hankalinmu a matsayinmu na masu nazarin adabi shi ne, kusan duk abin da ɗan jagora zai faɗa wa mai ziyara a wannan kufai daga littafi guda ya samo tushe. Sunan littafin Mahavamsa, tarihin sarakuna ne da aka tsara a waƙe cikin harshen Pali, kuma ana danganta shi ga wani malamin zuhudu na addinin Buddha mai suna Mahanama, wanda ya rayu wajejen ƙarni na biyar zuwa na shida. Malamin ɗan babban gidan zuhudun Mahavihara ne, saboda haka sarkin da ya kyautata wa gidansu shi ne ya sha yabo.

Ziyara takan fara ne daga wata bishiya. Littafin ya nuna cewa a ƙarni na uku kafin miladiyya Mahinda, ɗan Sarki Ashoka na Indiya, ya shigar da Sarki Devanampiya Tissa addinin Buddha, daga bisani 'yar'uwarsa Sanghamitta ta kawo reshen bishiyar da mabiya suka yi imani a ƙarƙashinta Buddha ya sami wayewa. Bishiya ce dangin ɓaure, har yanzu tana raye, an tallafe rassanta da ƙarafa masu ruwan zinariya. Ba a shiga harabarta da takalmi ko hula, kuma da tsakar rana yashin wurin yakan gasa tafin ƙafa. Masu ibada, galibi cikin fararen kaya, sukan zo da furannin bado. Kusa da ita ginshiƙan dutse 1,600 ne a tsaye, abin da ya rage ke nan na wani katafaren gini da aka ce hawa tara ne, mai rufin tagulla.

Daga nan ido yakan sauka kan ƙubbobi. Waɗannan ba ɗakuna ba ne da ake shiga; tulin tubali ne a dunƙule, an binne wasu abubuwa masu tsarki a ciki, ana zagaya su ana addu'a. Mafi girmansu ita ce Jetavana, wadda Sarki Mahasena ya fara a ƙarshen ƙarni na uku miladiyya, aka kuma ƙiyasta tsawonta na asali da mita 120 da 'yan kai. Can arewa akwai Abhayagiri, inda matafiyin nan ɗan ƙasar Sin, Faxian, ya ce ya tarar da masu zuhudu 5,000 a farkon ƙarni na biyar. Abin da ya ciyar da wannan taro shi ne manyan tafkunan da sarakuna suka datse don noman shinkafa, irin su Tissa Wewa da Nuwara Wewa, waɗanda manoma ke amfani da ruwansu har yau.

Amma ƙubbar da ta fi tara jama'a ita ce Ruwanwelisaya, fara fat, wadda aka kewaye da katanga mai siffofin giwaye. Sarki Dutugemunu ne ya gina ta, wanda ya yi mulki daga 161 zuwa 137 kafin miladiyya. Cikin babi 37 na Mahavamsa, 11 labarinsa suke ɗauke da shi, alhali wani littafin tarihi da ya girme shi, wato Dipavamsa, a 'yan baitoci kaɗan ya taƙaita zancen. An ce da ajali ya gabato sarkin ba a gama ginin ba, sai ƙanensa ya sa aka lulluɓe saman da farin ƙyalle domin ya ga kamar an kammala kafin ya cika.

Kafin ya zama magini, Dutugemunu mayaƙi ne, abokin gabarsa kuwa shi ne Elara, Batamile daga kudancin Indiya wanda ya shekara 44 yana sarautar Anuradhapura. Abin mamaki, marubucin bai ɓata Elara ba. Ya siffanta shi da adalci, ya ce yana da ƙararrawa a saitin gadonsa mai doguwar igiya da duk wanda aka zalunta zai iya ja. Wata rana keken dokin ɗansa ya take ɗan maraƙi, saniya ta zo ta ja igiyar, sarki ya sa aka kashe ɗan nasa da ƙafar wannan keke. Da sarakunan biyu suka gwabza a kan giwaye a ƙofar kudu, Elara ya faɗi. Dutugemunu ya ƙona gawarsa cikin girmamawa, ya gina alama a wurin, ya kuma kafa doka cewa ko sarki ne ya zo wucewa, sai makaɗansa sun dakata.

Sai dai kuma a cikin wannan babi ne muke karo da abin da ya fi tayar da hankali. Bayan nasara, yawan rayukan da suka salwanta ya hana Dutugemunu sukuni. Sai wasu manyan masu zuhudu takwas suka zo suka kwantar masa da hankali da cewa mutum ɗaya da rabi kacal ya kashe, domin sauran ba mabiya addinin ba ne, ba su fi dabbobi ba. A ganinmu, hannun da ya rubuta labarin ƙararrawa da wanda ya rubuta wannan lissafi ɗaya ne, kuma mai karatu ba shi da damar ɗaukar guda ya runtse ido ga ɗayan. Masana tarihi da dama na zamani suna ganin yaƙin na neman mulki ne tsakanin gidajen sarauta. Amma tun bayan da George Turnour ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1837, labarin ya fita daga hannun malaman Pali, kuma a ƙarni na 20 'yan siyasa suka riƙa karanta shi a matsayin gaba ta asali tsakanin Sinhalawa da Tamilawa. Ranar 14 ga Mayu, 1985, 'yan tawayen Tamil Tigers suka shiga Anuradhapura suka harbe mutum 146, wasu a tashar mota, wasu a harabar waccan bishiya. Yaƙin basasar bai ƙare ba sai a 2009.

A kudancin kufan akwai wani tudun jan tubali mara kai, wanda masu yawon buɗe ido ba su cika tsayawa a wurinsa ba. Shekaru aru-aru mutanen yankin suna kiran sa kabarin Elara. An ruwaito cewa a 1818 wani basarake daga ƙasar Kandy, yana gudun sojojin Ingila bayan tawayen da aka murƙushe, ya iso kusa da wurin a galabaice, amma ya sa aka sauke shi daga abin da ake ɗauke da shi, ya taka da ƙafa har ya tabbatar ya wuce. A shekarun 1940 masanin tono Senarath Paranavitana ya binciki tudun, ya ce ƙubbar wani gidan zuhudu ce mai suna Dakkhina, ya kuma ƙara da cewa a nan aka ƙona gawar Dutugemunu. Wasu masana, musamman Tamilawa, ba su amince da wannan magana ta biyu ba. A taswirar da ake ba masu ziyara, Dakkhina ne sunan wurin.