Intanet Na Tafiya, Saba Ta Ƙi Amsawa: Nazari Kan Rezon Ofis a Tasawa da Mayahi

Mai gyaran kwamfuta a Tasawa ko Mayahi ya san wannan ƙorafin: WhatsApp na shiga, DHIS2 da ma'aikatan lafiya ke tura rahoto da shi yana buɗuwa, amma fayilolin da ke cikin sabar ofis, can ɗaki na uku, sun ƙi fitowa. Ma'aikaci ya ce "babu rezo", alhali rezo na nan. Hanyar da ke tsakanin ɓangarori biyu na gida ɗaya ce ta toshe.

A ganina, asalin matsalar yana cikin yadda rezon ya girma. Ba kasafai ake zama a tsara shi ba. Wannan shiri ya zo da akwatinsa na Airtel, wancan ya kawo na Zamani, ga tsohon layin Niger Telecom a kusurwa, daga 2025 kuma Starlink ya shigo. Kowane akwati yana zuwa da shirin zama mai unguwa: shi ke raba adireshi, shi ne ƙofar fita. Akwatunan Huawei na 4G sukan fara da 192.168.8.1, na TP-Link da yawa da 192.168.0.1, duk daga cikin lambobin da ƙa'idar RFC 1918 ta keɓe wa rezon cikin gida tun 1996. Idan lambar da ke shata iyaka 255.255.255.0 ce, unguwa ɗaya na ɗaukar na'ura 254, kuma kwamfutar da ke 192.168.8.20 ba ta iya magana kai tsaye da sabar da ke 192.168.0.10. Dole saƙon ya bi ta zaure, wato ƙofar fitar akwatin.

A zauren ne rikicin yake. Akwatin da aka jona a bayan wani, ta raminsa na WAN, yana barin na ciki su fita kuma amsa ta dawo musu, amma baƙon da ya yi sallama daga waje ba ya samun iso. Saboda haka idan saba tana bayan akwati na biyu, duk wanda ke kan na farko ba zai gan ta ba, alhali ita tana iya kaiwa gare shi. Wannan rashin daidaiton shi ke ruɗa masu gyara, har a sayi sabuwar waya ko a goge kwamfuta a banza.

Bincike na farawa da ipconfig a kan kwamfutar da kuma sabar, a kwatanta adireshi da ƙofar fita. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin na'urar ta nema ba wanda ya ba ta. Sai ping zuwa ƙofa, sannan zuwa saba, sai tracert ya nuna inda saƙon ya tsaya. Sai dai shirun ping ba hujja ba ne. Katangar tsaron Windows, yadda take zuwa, tana buɗe raba fayil ta mashiga 445 ga ƴan unguwarta kawai, ta yi biris da sauran ko da hanya a buɗe take. Haka ma sunan saba: kiran da kwamfuta ke yi wa kowa don neman suna ba ya ƙetare zaure, shi ya sa lamba kan yi aiki suna ya ƙi.

Wuta ma tana da hannu. Yankin na dogaro sosai da layin Katsina zuwa Gazawa, kuma an ji a jika lokacin da Najeriya ta katse shi a watan Agustan 2023. Duk ɗaukewar wuta sai akwatuna sun sake tashi, wanda ya riga farkawa ya hau raba adireshi, sabar da ba a kafe mata lamba ba ta wayi gari da sabuwa.

A ƙaramin ofis, gyaran bai cika buƙatar kuɗi ba. A kashe DHCP, wato aikin raba adireshi, a akwati na biyu, a ba shi lamba daga unguwar na farko, a cire wayar daga WAN a mai da ita LAN, a kafe wa saba adireshi a wajen jerin da ake rabawa. Inda ake son raba unguwannin da gangan, kamar ware ɓangaren kuɗi daga Wi-Fi na baƙi, sai a rubuta wa kowane akwati hanyar zuwa da ta dawowa. Sannan a manna takardar lambobin a jikin bango kusa da saba, domin sau da yawa wanda ya haɗa rezon ya koma Maraɗi tun ranar da shirinsa ya ƙare.