Gadon Jini da Gadon Iri: Bayani a Kan Ƙwayoyin Gado

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Suna kuma cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Maganganun biyu duka gaskiya ne: ɗa yana ɗauko kamannin iyayensa, amma kuma yana zuwa da nasa. Wannan shafi zai bayyana muku dalilin haka, da amfanin saninsa a gonarku, da garkenku, da kuma lokacin da ake maganar auren ƴaƴanku a ƙasar Madarunfa.

Mene ne ƙwayar gado?

Jikin mutum, da na dabba, da na tsiro, duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai wani dogon zare mai ɗauke da umurnin yadda jiki zai ginu. Sunan zaren nan ADN da Faransanci, DNA da Ingilishi.

Umurnin a rubuce yake, kamar wasiƙa, sai dai haruffansa 4 ne kawai, suna ta maimaituwa. A jikin mutum jerin haruffan ya kai kimanin miliyan dubu 3. Kowane yanki na rubutun da ke ba da umurnin aiki guda, shi ake kira ƙwayar gado. Mutum yana da su kimanin dubu 20. Wasu na da hannu a launin fata, wasu a tsawo, wasu a yadda jini ke aiki.

Domin ku gane tsarin, ku ɗauki ƙwayar halitta kamar rumbu. A cikin rumbun akwai zangarniya 46, kowace zangarniya kuma ƙwayoyin gado ne jere a jikinta. Masana na kiran zangarniyar nan kromozom.

Rabi daga uba, rabi daga uwa

Zangarniyun nan 46 bibbiyu suke tafiya. Guda 23 daga uba suke zuwa, guda 23 daga uwa. Saboda haka kusan kowace ƙwayar gado kuna da ita sau biyu: ɗaya ta wajen mahaifi, ɗaya ta wajen mahaifiya. Duk lokacin da aka sami ciki, kowane ɗaya daga cikin iyayen yana ba da rabin nasa, kuma rabon yana sakewa daga ciki zuwa ciki. Shi ya sa wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ba su zama iri ɗaya sak, in ba tagwayen da suka fito daga ƙwai guda ba.

Wanda ya fara gano wannan ƙa'ida wani malamin addinin Kirista ne mai suna Gregor Mendel, a ƙasar Turai. Ya yi shekaru yana haɗa irin wake a lambu yana ƙirga abin da ya fito, ya buga sakamakon a shekara ta 1866. Ya lura cewa wata siffa takan ɓuya a jikin ƴaƴa, sa'an nan ta bayyana a jikoki. Wato mutum yana iya ɗauke da ƙwayar gado a ɓoye, ba ta nuna komai a jikinsa ba, ya kuma miƙa ta ga ɗansa.

Akwai wani abu da ya kamata kowane magidanci ya sani. Biyu daga cikin zangarniyun 46 su ke raba namiji da mace. Mace tana da X da X, namiji yana da X da Y. Uwa kullum X take bayarwa. Idan uba ya ba da X, ɗiya za a haifa. Idan ya ba da Y, ɗa namiji. Uban ma ba shi ke zaɓa ba. Don haka babu dalilin ganin laifin matar da ke haihuwar ƴaƴa mata, balle a yi mata gori ko a sake ta.

Yaya sauyi ke shiga cikin gado?

Ku tuna lokacin da kuke kwafar rubutu daga allo a ajin yaƙi da jahilci. Idan kuka manta lanƙwasar harafi guda, ƙafa sai ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Idan kuka musanya harafi, gida ya zama gada. Jiki ma kullum yana kwafar rubutunsa, duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu biyu. Yana da ƙwarewa ƙwarai, yana kuma gyara kurakuransa, amma jifa-jifa harafi kan sauya ya zauna haka. Wannan shi ne sauyin gado.

Kowane jariri yana zuwa duniya da sauye-sauye sababbi kimanin 60 waɗanda iyayensa ba su da su. Sauyi iri uku ne:

- Mafi yawansu ba su amfani, ba su cutarwa.
- Kaɗan suna kawo ciwo ko nakasa.
- Kaɗan kuma suna kawo amfani, kamar jure fari ko jure wata cuta.

Hayaƙin taba, da zafin rana mai yawa a kan fata, da wasu magungunan ƙwari masu guba suna iya lalata rubutun nan a jikin mutum. Sauyin da ya faru a fata ko a huhu yana iya zama ciwon daji ga mai shi, amma ba ya wucewa ga ƴaƴa. Wanda ke wucewa shi ne wanda ke cikin maniyyin namiji ko ƙwan mace.

Ƙwayoyin cuta ma suna sauyawa. Maganin kulorokin ya daɗe yana warkar da zazzaɓin cizon sauro, har sauyi ya shiga ƙwayar cutar ta daina jin sa. Dalilin da ya sa ke nan, a cikin shekarun 2000, Nijar da maƙwabtanta suka koma ga wasu magungunan. Idan likita ya ba ku magani, ku sha shi duka har ya ƙare, kada ku bar wa cuta sararin saba da shi.

Bambancin iri arziki ne

Saboda sauyi da kuma cuɗanyar gadon uwa da uba, babu halitta biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Manomi ya san wannan tun kafin masana su ba shi suna. A gona ɗaya za ku ga hatsi mai doguwar zangarniya irin zango, da mai saurin nuna, da maiwa mai jinkiri, har da shibra, wadda ke fitowa idan hatsin gida ya haɗu da ɗan'uwansa na daji. Iska ce ke ɗaukar bununin hatsi daga wannan kara zuwa wancan, shi ya sa iri ke gaurayuwa.

Wannan bambanci shi ke ceton talaka idan damina ta gaza. Masu bincike sun gwada irin hatsin da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka tara a ƙauyukan nan dai a 2003. Sun tarar na baya ya fi saurin fitar da kai. Shekarun fari, irin su 1984, sun rage mai jinkiri, manoma kuma suka riƙa ajiye wanda ya tsira. Da a ce iri ɗaya tal ake shukawa, da babu abin zaɓa.

Aikin da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ke yi a Tarna kusa da Maraɗi, wannan zaɓen ne, amma da awo da rubutu. Irin hatsi na HKP sananne ne ga manoman jihar. A 2018 kuma aka fitar da irin Chakti a Nijar, mai saurin nuna, wanda ya fi sauran yawan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Haka nan jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna wajen haihuwar tagwaye da kyawun fata, an kafa mata cibiyar kiwo a Maraɗi tun 1963 domin kada irinta ya ɓace.

Shawara ga manomi da makiyayi:

- Ku zaɓi iri tun yana tsaye a gona, daga karare masu yawa masu lafiya, daga tsakiyar gona.
- Ku cire shibra kafin ta yi bununi.
- Idan kun karɓi sabon iri, kada ku yar da na kakanni. Ku ware masa fegi.
- Ku riƙa sake bunsuru ko rago, kada ya yi ta barbarar ƴaƴansa, domin hakan na raunana garke.

Amosanin jini: harafi ɗaya da ya sauya

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iskar numfashi ga dukan jiki. Masu lafiya kewayayyu ne, masu taushi, suna rayuwa kimanin kwana 120. Ƙwayar gadon da ke gina su daidai ana kiranta A. Tun dubban shekaru da suka wuce harafi ɗaya ya sauya a cikinta, aka sami wadda ake kira S. Ita S tana sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Wannan shi ne amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila.

Tun da gado bibbiyu yake zuwa, mutane sun kasu haka:

- AA: ba shi da ciwon, ba ya ɗauke da shi.
- AS: lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da S a ɓoye.
- SS: yana da ciwon.

Akwai kuma wata ƙwayar mai suna C a yammacin Afirka. Wanda ya gaji S da C shi ma yana da ciwon.

Za ku iya tambaya: me ya sa S ta yi yawa a ƙasashenmu? A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna, a gabashin Afirka, cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A wuraren da sauro ya yi yawa, kamar bakin tafkin Madarunfa da fadamun Gulbin Maraɗi, masu AS sun fi rayuwa su hayayyafa, sai S ta yaɗu. A Nijeriya, maƙwabciyarmu, kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ita. Amma ku sani mai AS ma yana kamuwa da zazzaɓi, dole ya kwana cikin gidan sauro.

Lissafin aure

- AA da AA: duk ƴaƴa AA.
- AA da AS: babu mai ciwo, wasu za su ɗauki S.
- AA da SS: duk ƴaƴa AS.
- AS da AS: a kowane ciki, kashi 1 cikin 4 yana iya zama SS.
- AS da SS: a kowane ciki, kashi 2 cikin 4.
- SS da SS: duk ƴaƴa SS.

Ku gwada wannan a aji. Ku sami ƙwarya biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. A kowace ku sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya. Ku rufe ido ku ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ku duba, sa'an nan ku mayar. Ja da ja shi ne SS. Idan kun yi sau 40, za ku ga ja da ja ya fito wajen sau 10, amma wani lokaci yakan fito sau biyu ko uku a jere. Haka yake a gida: haihuwar ɗa mai ciwo ba ta hana na bayansa zuwa da shi.

Daga nan za ku gane cewa yaro ba ya zama SS sai ya gaji S daga uba da uwa duka. Ba nonon uwa ke kawo shi ba, ba maita ba ce, ba sammun kishiya ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. Haka zabiya take: gado ne daga ɓangarorin biyu, abin da yaron ke bukata shi ne hula, da riga mai dogon hannu, da inuwa.

Auren zumunci yana ƙara yiwuwar ango da amarya su kasance ɗauke da abu ɗaya a ɓoye, tun da kakansu ɗaya. Amma bare ma yana iya zama AS. Ido ba ya ganewa, sai gwaji.

Abin da ya kamata ku yi

Kafin a sa rana, kafin a kai kaya, saurayi da budurwa su je a gwada jininsu. Ku tambayi ma'aikacin lafiya na garinku, ko a Gabi kuke, ko Safo, ko Ɗan Isa, ko Jiratawa, ko Sarkin Yamma, ya nuna muku inda ake yi. Gwajin da ke bambanta AA da AS da SS sunansa elektroforez. Kada ku rikita shi da gwajin rukunin jini na A, B da O, wanda ake yi domin ƙarin jini. Ku adana takardar sakamako, domin gadon jini ba ya canzawa har abada. A jihar Kano ta Nijeriya, tun 2024 doka ta wajabta irin wannan gwaji kafin ɗaurin aure.

Idan an riga an yi aure, ku lura da jariri daga wata 6: kumburin hannu da ƙafa, kuka saboda ciwon ƙashi, ido ya yi rawaya, tafin hannu ya yi fari, yawan zazzaɓi. Idan kun ga haka ku kai shi a gwada. Idan ciwon ne:

- Ku riƙa ba shi ruwa da yawa, musamman da bazara.
- Ku lulluɓe shi da hunturu, kada a yi masa wanka da ruwan sanyi.
- Ya kwana cikin gidan sauro, a kuma cika masa alluran rigakafi.
- Da zarar jikinsa ya yi zafi, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira gobe.
- Kada a yi masa ƙaho ko tsaga, domin jininsa ya riga ya yi ƙaranci.
- Ku sa shi makaranta. Ciwon ba ya hana ilimi.

Akwai magunguna da ke rage yawan tashin ciwon, likita ne ke rubuta su. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu amosanin jini. A 2023 ƙasashen Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai gyara ƙwayar gado, sai dai kuɗinsa ya haura dalar Amurka miliyan 2 ga mutum ɗaya. A wurinmu dai, rigakafi ya fi magani.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga watan Yuni ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan wannan ciwo. Ba sai kun jira ranar ba. Ku karanta wa maƙwabta wannan shafi, ku kai maganar ga liman, da mai gari, da iyaye mata masu shirya aure, domin a tambayi takardar gwaji tun maganar tana tsakanin manya.