Man Agadem da Darasin Doba

Maƙalarmu ta wannan mako za ta leƙa Chadi da Nijar, mu ga yadda ƙasa ke fara cin arzikin mai da kuma inda ƙafarta ke zamewa.

Mu fara da Chadi. A 2003 aka soma tura ɗanyen mai daga Doba, kudancin ƙasar, ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa gaɓar teku a Kribi ta Kamaru. Bankin Duniya ya sa kuɗinsa a aikin bisa sharaɗi: wata doka ta 1999 ta ce a ajiye kashi 10 cikin ɗari na kuɗin man saboda 'yan baya, mafi yawan saura kuma ya tafi ga lafiya, ilimi, hanyoyi da raya karkara. Aka kafa kwamitin sa ido, har da wakilan ƙungiyoyin farar hula a ciki.

Doka ta yi kyau a takarda, amma tun 2000 Shugaba Idriss Déby ya ɗebi dala miliyan 4.5 daga kuɗin sa hannu kan yarjejeniya ya sayi makamai. A ƙarshen 2005 majalisa ta soke asusun 'yan baya, aka ce tsaro ya fi gaggawa. A 2008 Bankin Duniya ya tattara ya fice. Da farashin mai ya faɗi a 2014, ƙasar na ɗauke da bashin kamfanin Glencore na fiye da dala biliyan 1, bashin da ake biya da ɗanyen mai.

Nijar ta shigo daga baya. A 2008, zamanin Tandja Mamadou, aka ba kamfanin CNPC na ƙasar Sin rijiyoyin Agadem da ke jihar Diffa. A watan Nuwamban 2011 aka buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ƙasar da ke sayo fetur ta koma mai sayarwa. Sai aka shimfiɗa bututu kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin, jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024.

Nan ma alamun sun bayyana. Kafin jirgin ya tashi, gwamnatin soja ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC, za a biya da man da bai fita ba tukuna. Rikicin rufe iyaka tsakanin Yamai da Benin ya tsayar da lodi, 'yan tawaye kuma suka fasa bututun. Ƙasar da ba ta da teku, arzikinta na hannun maƙwabci.

Abin da muka fahimta shi ne, doka ba ta tsare kuɗi sai da mutanen da suka san abin da ke cikinta, suke kuma tambaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wannan aikin ya shafe mu. Makiyayin da ke kiwo kusa da Agadem da direban tankar Damagaram suna da haƙƙin sanin ganga nawa aka sayar da inda kuɗin ya shiga, kuma da yawansu ba sa karanta Faransanci. In ba mu rubuta musu da Hausa ba, wa zai rubuta?

Muna jiran gyara da ƙarin bayani, musamman daga 'yan uwanmu na Nijar.