Kafin A Haƙa Harsashi A Birnin Ƙonni

A watan Mayun 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka afka wa Birnin Ƙonni, suka hallaka ɗimbin jama'a. Babbar shaidar da ta rage mana tana binne a ƙasar tsohon gari, kuma abin da katafila ta tone ba ya komawa.

A Bura, Boubé Gado da masanan IRSH sun yi tono a tsanake a 1983, shi ya sa ake karanta tarihin wurin yau.

A matsayina na malami, ina roƙon magajin gari: kafin a ba da izinin gini kusa da fada ko gurbin ganuwa, masana su fara duba ƙasar. Ɗalibanmu ne magadanta.