Timbulsloko: Daga Gonar Shinkafa Zuwa Cikin Teku

A wannan makon za mu je tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, mu sauka a wani ƙaramin ƙauye mai suna Timbulsloko. Yana gundumar Sayung ta yankin Demak, a gaɓar arewa, gabas kaɗan da birnin Semarang. Wanda ya je can yau zai tarar da gidaje tsaye cikin ruwan gishiri, ana bin siraran gadojin katako daga wannan ƙofa zuwa waccan. Dattawan garin kuwa sun girma ne suna ganin gonakin shinkafa da itatuwan kwakwa a daidai wurin da kwale-kwale ke wucewa yanzu. Yaya aka yi haka?

Sai mun koma baya tukuna. A ƙarshen ƙarni na 15 aka kafa Demak, daular Musulunci ta farko a Java, ƙarƙashin Raden Patah, kuma babban masallacinta na nan har gobe. A wancan lokaci Demak tashar jiragen ruwa ce, domin akwai mashigin teku tsakanin Java da dutsen Muria, wanda a lokacin tsibiri ne mai zaman kansa. Koguna suka yi ta kwaso laka daga duwatsu suna jibgewa, har zuwa ƙarni na 17 mashigin ya cike. Inda jirage ke bi ya koma fadama mai albarka. Ashe ƙasar da manoman yankin suka gada, laka ce da ruwa ya ajiye musu, kuma tana da taushi.

A kan irin wannan ƙasa rayuwar ƙauyukan gaɓar ta ginu da ƙafa biyu. Da damina, wajen watan Nuwamba zuwa Maris, ana dashen shinkafa, iskar yamma kuma kan hana ƙananan kwale-kwale nisa cikin teku. Idan rani ya shigo ruwa ya lafa, sai masunta su fita da taru. Tsakanin gona da teku akwai tafkunan da ake kira tambak, inda ake kiwon wani kifi mai suna bandeng tun ɗaruruwan shekaru. Gaba da su akwai kurmin bakau, itatuwa masu saiwoyi a waje da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, suna riƙe laka suna karya ƙarfin igiyar ruwa.

A da, girbi aikin mata ne. Da wata 'yar wuƙa da ake ɓoyewa a tafin hannu, ani-ani, suke yanke zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar al'ada ta ce kada a firgita Dewi Sri, wadda mutanen da suka ɗauka ita ce uwar shinkafa. Amma wuƙar na da wani amfani na zahiri. Da yake aikin na tafiya a hankali, yana buƙatar hannaye da yawa, don haka duk macen da ta zo ana barinta ta shiga gona, ta tafi gida da wani kaso na abin da ta yanka. Sunan wannan kaso bawon. Da shi bazawara da matar da mijinta ba shi da gona ke samun abin dafawa. A wancan zamani dagaci ma, wato lurah, ba albashi ake biyansa ba, gonar gari ake ba shi ya ci muddin yana kan kujera.

Babbar girgiza ta farko daga Turawan Holan ta zo. Bayan yaƙin Yarima Diponegoro na 1825 zuwa 1830 baitulmalinsu ya bushe, sai gwamna Johannes van den Bosch ya kawo tsarin noman dole a 1830. A takarda, kowane ƙauye zai ware kashi ɗaya cikin biyar na ƙasarsa don noma abin da gwamnati za ta sayar a Turai: rake, baba, kofi, taba. A aikace an sha wuce wannan iyaka, domin jami'ai da sarakunan gargajiya na samun lada gwargwadon yawan amfanin da yankinsu ya kawo. Manomi ya rasa lokaci da ruwan da zai ba shinkafarsa. Tsakanin 1848 da 1850 yunwa ta afka wa Demak da maƙwabciyarta Grobogan, dubban mutane suka mutu, wasu suka watse. A 1860 wani tsohon jami'in mulkin mallaka, Eduard Douwes Dekker, ya fitar da littafin ƙirƙira mai suna Max Havelaar da sunan alƙalami Multatuli. Abin da ya gani a Lebak da ke yammacin tsibirin ya rubuta, amma littafin ya tayar da ƙura a Holan, ya ƙarfafa masu adawa da tsarin, wanda aka shiga rushewa gadan-gadan daga 1870.

Girgiza ta biyu ta zo da kyakkyawar niyya. Bayan 'yancin kai na 1945, musamman a mulkin Suharto daga ƙarshen shekarun 1960, aka kawo irin shinkafa gajere mai saurin nuna, da takin zamani da bashin noma. Amfani ya ƙaru sosai, har Indonesiya ta ciyar da kanta da shinkafa a 1984. Sai dai sabon irin ya fi dacewa da lauje. Masu gona da dama suka koma sayar da amfani tun yana tsaye ga ɗan kasuwa, shi kuma ya zo da 'yan ƙalilan ma'aikatansa maza. Rumbu ya cika, amma matan da ke rayuwa da bawon suka tarar da ƙofar gona a rufe.

Ta uku ita ce ta jatan lande. A 1980 gwamnati ta hana manyan jiragen da ke jan taru a ƙasan teku, saboda rikicinsu da ƙananan masunta. Kasuwar waje, musamman Japan, na neman jatan lande da tsada, sai hankali ya koma kan kiwonsa. A gaɓar Demak aka sare bakau, aka haƙa gonaki aka mayar da su tafkuna. An samu kuɗi na 'yan shekaru, kafin cututtuka su shiga tafkunan a shekarun 1990. Gonar da ta sha gishiri kuwa ba ta komawa ta shinkafa.

A daidai wannan lokaci masana'antun Semarang da Sayung na zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ta rijiyoyin burtsatse. Kun tuna lakar nan mai taushi? Da aka janye ruwan cikinta sai ta riƙa lotsawa, a wasu wurare kusan santimita 10 a shekara, abin da ya ninka hauhawar teku sau da yawa. Babu bakau da zai tare igiya. Ambaliyar da suke kira rob, wadda ke zuwa da cikar teku ko babu ruwan sama, ta zama abin kullum. Mutanen Timbulsloko suka yi ta ɗaga daɓen ɗakunansu, har wasu sai sun sunkuya kafin su shiga ƙofa. Maƙabarta ma sai da aka ɗaga ta. A ƙauyen Bedono da ke kusa an kwashe unguwanni sukutum, kabarin Shehu Mudzakir ya rage tsakiyar ruwa, masu ziyara na isa gare shi ta gada ko kwale-kwale.

Ba su naɗe hannu ba. Daga 2015 aka yi wani aiki da ƙungiyar Wetlands International da gwamnati da mazauna, ana kafa shingayen gora da rassan itace don su tare laka, bakau ya sake tsirowa da kansa. Ya yi tasiri a wasu wurare, amma muddin ƙasa na lotsawa, shingen ma nutsewa yake. Matasa da yawa yanzu suna aiki a masana'antun bakin babbar hanya, 'ya'yan manoma kuma sun koma masunta a kan gonakin iyayensu.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan. Mun saba rubuta ƙauye kamar wurin da lokaci ya tsaya, sai zakara da rafi da budurwa mai tulu. Tarihin gaɓar Demak ya nuna akasin haka. Kowane sauyi da ya same ta, a wani wuri mai nisa aka yanke shi: a ofishin gwamna, a ma'aikatar noma, a kasuwar kifi ta Tokyo. Alamarsa kuma kan fito a ƙaramin abu, kamar wuƙar girbi da aka ajiye ko ƙofar da ta gajarce. Idan za ka rubuta ƙauyenku, tambayi tsofaffi me ake nomawa shekara 50 da suka wuce, wa ya ce a daina, kuma wa ya rasa abinci da aka daina.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.