Daga Duba-Gari Zuwa Mai Duba Waya: Tarihin Wayarin a Gidajenmu

A wannan makon za mu waiwayi wani tarihi da ke manne a bangon ɗakin kowannenmu, amma ba kasafai muke tambaya a kansa ba: wa ke duba wayar wutar da muke ja a gidajenmu?

Abin da ya tayar da maganar shi ne gobarar da aka yi a unguwarmu a Sule Tankarkar cikin hunturun da ya wuce. Ɗakin amarya ne, wata uku da tarewa. An ɗauke wuta da hita a cikin bokiti, aka manta da ita, aka dawo da wutar cikin dare. Allah ya tsare rai, amma gado da kujeru da duk abin da iyayenta suka yi shekaru suna tarawa sun zama toka. Da gari ya waye aka ga inda wutar ta fara: wani ƙulli a cikin silin, waya biyu da aka murɗe aka naɗe da leda. Ƙanin ango ne ya yi wayarin, don a rage kashe kuɗi. Ba mu da bakin zarginsa, domin mu ma mun sha taka kujera da filaya a hannu.

Bahaushe bai saba barin gini ba mai dubawa ba. A manyan birane akwai Sarkin Magina, wanda ke shugabantar masu sana'ar, ya san gwani, ya san ɗan koyo. A Zariya sarautar tana gidan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'ar birnin a zamanin Sarki Abdulkarimu. Da Turawa suka zo, sai aka samu duba-gari a ƙarƙashin En'e. Kakanninmu a ƙasar Gumel suna ba da labarinsa: ya shiga gida ya leƙa randa, ya duba kwata da salga, in ya ga ƙazanta a ci tarar maigida. Wato magini yana da shugaba, tsafta tana da mai dubawa. Wayar lantarki ce ta shigo ɗakunanmu ba tare da nata ɗan rakiyar ba.

An fara kunna lantarki a Legas a shekarar 1896. A 1929 kamfanin NESCO ya soma samar da wuta daga ruwan Kurra don ma'adinan kuza na Jos. A 1950 aka yi dokar kafa hukumar ECN, a 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja, wadda ta kammala Kainji a 1968. Waɗannan biyun aka haɗe a 1972 aka samu NEPA, sunan da har gobe yara ke kira idan an kawo wuta. A zamanin farko masu amfani da wutar kaɗan ne: ofisoshin gwamnati, asibitoci da gidajen manyan ma'aikata. Duba aikinsu bai yi wa sashen sufetocin lantarki na gwamnati wahala ba.

Ƙa'idojin da sufetocin suka gada daga Ingila suke. Can aka wallafa dokokin wayarin na farko a 1882, kuma manufarsu tun daga sunansu ita ce kauce wa gobara. Shi ya sa soket ɗinmu mai baki uku yake irin nasu, ƙarfin wutarmu ta gida kuma yake kusan bolt 230. Su ma Turawan ba su huta da masu yi da kansu ba, domin a 2005 sai da aka saka aikin lantarki na gida cikin dokar gine-gine a Ingila, aka ce wasu ayyukan dole a sanar da hukuma ko a ba mai shaidar ƙwarewa.

A wajenmu, abin ya sauya ne lokacin da hukumomin lantarki na karkara suka fara kai falwayoyi ƙananan garuruwa, musamman bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 27 ga Agusta, 1991. Wuta ta iso Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙauyukansu, daga baya ma aka gina babbar tashar rarraba wuta a Gagarawa. Taransifoma ta iso, amma sufeto yana birni. Sai kowane gari ya samar da nasa mai wayarin: wani ya koya a makarantar sana'a, wani ya bi ubangida shekara biyu, wani kuwa kallo kawai ya yi.

Doka ba ta tsaya ba. A 2005 aka yi wa harkar lantarki garambawul, NEPA ta koma PHCN, aka kafa hukumar NERC mai sa ido. A Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, yankin Kano da Jigawa da Katsina ya faɗa hannun KEDCO. A 2015 aka yi dokar hukumar NEMSA, wadda shugabanta ne babban sufeton lantarki na tarayya. Aikinta ta gwada wayarin kafin a jona shi da layi, ta kuma ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. To, ga tambaya: mu nawa ne muka taɓa neman ganin wannan takarda a hannun wanda muka ba aikin gidanmu?

Yana da kyau mu san abin da mai dubawa ke nema, don ba sirri ba ne. Na farko kaurin waya. A ƙa'ida ana ja wa fitilu waya mai lamba 1.5, soket kuma 2.5, na'urori masu jan wuta sosai su samu wadda ta fi haka da layinsu daban. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. Idan ta bi ta siririyar waya ko ƙullin da bai ɗauru ba, wurin yana yin zafi har robar ta narke, ga busasshen katako da silin a kusa. Na biyu ingancin wayar. Akwai wadda ake sayarwa da sunan jan ƙarfe alhali alminiyom ce aka shafa wa launi, kuma araha ba ta ado. Na uku fiyus ko bireka. Aikinsa ya yanke wuta kafin waya ta ƙone, don haka wanda ya maye gurbin fiyus da waya mai kauri ya kori mai gadin gidansa ne da hannunsa. Na huɗu wayar ƙasa da sandar ƙarfen da ake binnewa, wadda ke janye wuta idan ta zubo a jikin firji ko dutsen guga. Na biyar akwatin sauya layi tsakanin janareta da wutar gari. Idan babu shi, wutar janaretanka tana iya komawa layi ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya.

Yanzu kuma ga sola. Allon sola da batir da inbata sun shiga gidajen da falwaya ba ta taɓa isa ba, kuma mafi yawansu a hannun masu gida ko yaran unguwa ake haɗa su. Tarihin da ya faru da wutar gari yana neman maimaituwa: kayan aiki sun riga mai dubawa isowa.

Ba muna cewa kada mutum ya sauya ƙwan fitila ko ya gyara kan filogi ba. Wannan kowa zai iya, in ya kashe babban makunni tukuna. Amma jan sabon layi, ƙara soket, haɗa janareta ko inbata da wayarin gida, aikin mai shaida ne, kuma haƙƙinmu ne mu ce a gwada kafin a rufe silin. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu, don haka akwai ƙofar da za mu ƙwanƙwasa a Dutse mu nemi a kawo masu dubawa kusa da ƙananan hukumomi.

Kafin nan, hunturu na tafe. Kowa ya ɗaga kai ya dubi bangon ɗakinsa a daren yau. Idan ka ga leda a kan waya, ko soket ya yi baƙi, ko ka ji ƙaurin roba, kashe babban makunni ka nemo gwani. Kakanninmu suna share gida ne don tsoron tarar duba-gari. Mu tarar da ke jiranmu ta fi tasu tsada.

Allah ya kare mu daga gobara. Sai mako mai zuwa.